Ratar Fensir

Maganar da ke yawo ita ce mai gyaran keke ne ya kashe Auta. Wata maƙwabciya ce ta fara ta: wai makarin lakar da ya ɗaura wa keken ya matse taya, tsakuwa ta shiga tsakani, tayar gaba ta ƙame, Auta ya wuntsila ya bugi kwalta da ka. Kafin kwana tara maganar ta sami shaidu biyar, kuma babu ɗayansu da ya taɓa riƙe sifana.

Malama, mahaifiyar Auta, ta yi shekara talatin da huɗu tana koyar da kimiyya. Idan yaro ya ce mata "haka aka ce," sai ta tambaye shi wa ya auna. Tun ranar hatsarin ba ta yi kuka ba. Tana ci idan an ajiye mata, tana amsa gaisuwa idan an gaishe ta.

Da safen nan babban ɗanta ya shigo da takardar ƙara a ambulan.

"Yau zan kai wa 'yan sanda, Mama. Sai an rufe masa shago."

"Jira ni in dawo."

"Ina za ki da keken?"

"Awo."

Siririn keke ne, mai lanƙwasasshen kai, da tayoyi kamar babban yatsa. Da shi Auta yake zuwa ofis. Makarin gaba ya tattare kamar takardar da aka dunƙule. Ta ja shi baya da hannu har taya ta yarda ta juya, ta tura shi titi biyu yana ƙara.

Shagon ba kowa sai mai shi, dattijo mai furfura a gemu, yana zaune a kan akwatin kayan aiki. Da ya gan ta ya miƙe, ya yi mata ta'aziyya idonsa a ƙasa.

"Na san abin da ake faɗa, Mama."

"Ni ma na sani. Nuna mini yadda ka yi aikin."

Ya rataye keken a ƙugiya.

"Irin wannan ba don makarin laka aka ƙera shi ba, don gudu ne. Ba wuri. Na gaya wa marigayin. Ya ce ya gaji da shiga ofis da layin laka a gadon baya, abokan aiki suna ce masa jaki." Ya ɗan yi murmushi, sannan ya haɗiye shi. "Yini guda na yi a kai. Na yanke gefen makarin, na goge kan noti, na lanƙwasa sandunan har sau uku."

"Da me ka auna?"

Ya zaro fensir daga bayan kunne.

"Ƙa'idata ke nan. Fensir ya bi tsakanin taya da makari daga farko har ƙarshe. In ya maƙale, keke ba ya fita daga shagon nan."

"Fensir ba ma'auni ba ne."

"Milimita bakwai ne, Mama. Na auna shi."

Ta dube shi ta saman tabarau. A aji, da ya ci maki.

Ya zura fensirin a tayar baya. Ya wuce, ya dawo, bai taɓa komai ba. Ya koma gaba, ya nemi wurin da noti ya riƙe makarin, inda bai lanƙwashe ba. Fensirin ya ƙi shiga. Ya juya shi ta wajen tsinin. Tsinin kaɗai ya shiga.

Wata mota ta wuce a waje.

"To?" in ji Malama.

Ya durƙusa, ya shafe ƙurar gefen tayar da babban yatsa.

"Karanta mini lambar faɗin tayar nan. Idona ya fara gajiya."

"Ashirin da takwas."

"Ta baya fa?"

"Ashirin da biyar."

"Ranar da ya fita daga nan, duka biyun ashirin da biyar ne."

"Kowa a matsayinka haka zai ce."

"Haka ne. Amma dubi ta baya, ta sha hanya. Wannan ko gashin robarta bai gama kakkaɓewa ba. Kuma ni ba na sayar da irinta."

Ba ta bukatar ya nuna mata. Ta san tayar. Makonni uku da suka wuce, da ruwa ya fara sauka, ta shiga wani babban kanti ta ce tana son abin da zai hana ɗanta zamewa. Mai kantin ya ce ai kowa ya san taya mai faɗi ta fi kama ƙasa, kuma ta gaba ce mai muhimmanci. Ba ta tambaye shi komai ba. Auta ya yi dariya ya ce, "Mama, kin zama bakanike ke nan." A barandarta ya sa ta, don ta gani. Da ya juya tayar an ji wata 'yar gogayya, siririya. Ya ce za ta saba. Ita ma ta ji ƙarar. Ta shiga ciki ta ɗora ruwan zafi.

"Wa ya sa masa ita?" mai gyaran ya tambaya.

"Shi ya sa."

"Wanda ya sayar masa bai tambayi irin keken ba?"

Ta cire tabarau, ta naɗe, ta sa a jaka.

"Bar shi a nan. Za a zo a ɗauka."

"In kawo miki kujera, Mama?"

"A'a."

Ta hau bas. Wata yarinya ta tashi ta ba ta wuri. Ta zauna tana kallon bayan kujerar gaba, har kwandasta ya taɓa ta ya ce an iso.

Babban ɗanta yana tsaye a falo, makullin mota a hannu ɗaya, ambulan a ɗayan. Matar Auta tana zaune a gefen kujera, ta rungume gwiwoyinta.

"Me ya ce? Ya amsa?" in ji ɗan.

Malama ta cire takalmi, ta jera su a bakin ƙofa.

"Aikinsa daidai yake," ta ce. "Tayar gaba ce ta yi faɗi da milimita uku. Ni na saya masa."