Ranar da Virgil Ya Ƙi Tashi

A garin nan na bakin kogi, cikin jihar Ohayo ta Amurka, namiji bai cika namiji ba sai ya taɓa kifa hular kwano, ya rungumi ƙwallo ya ruga da ita, ƙarti suna danne shi. Virgil Hostetler ya yi wannan har gwiwarsa ta lalace. Sai ga 'yarsa Lorna ta tashi da son ƙwallon ƙafa. Ita ce mai tsaron raga a ƙungiyar matan garin, kuma tsohon bai taɓa zuwa kallonta ba.

"Wasan da ake wuni ba a ci ba?" in ji shi. "Gara in tafi kogi, ko banza na dawo da kifi."

Lorna ta ƙi haƙura. Ran Asabar ta tare ƙofar gidansa da motarta.

"Baba, sau ɗaya tak. In ka tashi kafin a gama, ba zan ƙara roƙonka ba."

Daga bakin raga tana hango shi, ya harɗe hannuwa cikin jar rigarsa. Shi wasan da ya sani, ana ɗan gwabzawa sai a tsaya, a yi talla, mutum ya je ya sayo abin taɓawa ya dawo. Nan kuwa ƙwallo sai yawo take yi kamar akuyar da ta tsinke.

"Wai yaushe ake tsayawa?" ya ɗaga murya.

Da Lorna ta cafke wata ƙwallo, sai ya yi ihu: "Yauwa! Ita kaɗai ce mai hankali a cikinku, ta san amfanin hannu!"

Can ƙwallo ta fita waje. Virgil ya zaci hutu ne, ya miƙe ya nufi mai gasa nama. Lorna ta hango shi.

"Baba, zauna!"

Kafin ta rufe baki an jefo ƙwallo, wata doguwa daga ɗaya ƙungiyar ta kutso ta narko ta. Lorna ta yi tsalle ta doke ta da yatsu, ta faɗi ta gurje gwiwa. Da ta ɗago, tsohon ya koma mazauninsa, baki buɗe.

Haka aka yi ta yi har alƙalin wasa ya busa tashi, ba wanda ya ci. Jama'a suka watse. Virgil yana zaune daram shi kaɗai, ya ma gyara zama.

Lorna ta zo tana ɗingishi. "Baba, an tashi."

"An tashi ina? Wa ya ci?"

"Babu. Canjaras aka yi."

"To ai sai a ƙara lokaci. Shi nake jira."

"Ba a ƙarawa a irin wannan."

Ya dubi jinin gwiwarta. "Ke 'yar nan, watau kin sha ƙasa haka, a ce kowa ya kama gabansa? Kira min alƙalin!"

"Ga motarsa can tana fita."

Tsohon ya harari filin.

"Yaushe za ku sake?"

"Asabar mai zuwa."

"Ni ba a bar min rigima a rataye. Zan zo. Ba wai ina so ba ne, kada kanki ya kumbura."

"In an sake yin canjaras fa?"

"Sai in sake zuwa," ya ce a fusace. "Kama ni in tashi."