Saiwa a Ƙarƙashin Siminti

Na dawo daga asibiti na tarar an shafe rabin tsakar gidana da siminti. 'Yata ce ta kawo magini, wai kada in sake zamewa a taɓo. Da zarar matar mutum ta mutu, kowa gani yake ya koma yaro.

"Ina busasshen karan da ke gindin famfo?" na ce.

Maginin ko ɗagowa bai yi ba. "Wannan ciyawar? Mun share, Baba. Ai ta daɗe da mutuwa."

Ba ta mutu ba. Furen daji ne shuɗi, irin mai fitowa a gangaren dutse cikin ƙayoyi. Marigayiya matata ce ta tono shi da wuƙar kicin ta dasa. Da rani yakan bushe ƙurmus, saiwar na kwance a ƙasa tana jiran ruwa. Gangaren kuwa yanzu duk gidaje ne, babu inda zan samo wani.

Gindin famfon sun riga sun zuba masa siminti, ɗanye shar, yana sheƙi.

"Yaushe zai kama?"

"Ai ya fara."

"Haba Baba," in ji 'yata daga ƙofar kicin. "Fure ne fa. Zan sayo maka wasu a tukunya."

"Ki haɗo har da mai dasawa, in ana sayar da ita."

Na tuɓe takalmi na shiga. Karan shi ne alamar wurin, ga shi sun share. Na durƙusa a hagun famfo ina kwashewa da hannu. Tsakuwa kawai. Na matsa gaba, nan ma tsakuwa. Simintin ya fara cin fatar yatsuna, yana ƙara tauri.

"Tsoho, aikina fa kake ɓatawa!"

"Kai ƙara. Na san doka, gidana ne."

Na ci gaba da kwashewa. Sai na ji motsi a bayana. 'Yata ce, da takalmanta na ofis, tsamo-tsamo cikin kwaɓin, ta fizge cokalin maginin.

"Ba nan ba ne. Ta hannun dama ne, inda Mama ke juye ragowar ruwan buta."

Ta kwashe simintin, ta tona a hankali. Ga saiwar nan, baƙa, kaurin babban yatsa. Na kankare ta da farce. Cikinta fari ne, da danshi.

Maginin ya riƙe ƙugu yana kallon ramin. "To ni yanzu in yi yaya?"

"Kewaye shi," in ji 'yata. "Baba, tashi ka wanke hannun nan."