Usur ɗin Abbas

Tun farkon damina Abbas ya bayyana a mashigin Zauro, da riga ruwan ɗorawa da usur a wuya. In ya busa, kwalekwale ya tashi. In bai busa ba, ko shinkafarka na nutsewa a ƙetare, sai ka jira.

Ni dai hankalina bai kwanta da shi ba. Na tambayi Sarkin Ruwa, ya ce ai hukuma ce ta turo shi. Na je ofis a Birnin Kebbi, suka ce su a saninsu mutumin Sarkin Ruwa ne.

Washegari na tare shi a gaban jama'a, raina a ɓace.

"Kai Abbas, wa yan naɗa ka?"

Ko kallona bai yi ba. Ya kai usur baki ya busa. Mutane suka miƙe suka yi layi. Ina dubawa, sai ga ni a cikin layin da fartanyata a kafaɗa.

Sai a lokacin ya juyo.

"Ga su nan, Kawu Ummaru," in ji shi. "Har da kai."