Sunan da ba a raba wa goro ba

A kasuwar Adjame Abdurrashid ya sayi modem, na'urar raba intanet, tsohon hannu, a wajen masu kasa kayan lantarki a ƙasa. Kwana uku ya yi yana fama da shi kafin fitilunsa su kama. Da ya ga rezon, wato ƙarfin intanet ɗin, bai wuce ƙofar ɗakinsa ba, sai ya ɗauki matatar taliyar matarsa Mero, ya huda ta, ya zura eriya a tsakiya, ya ɗaure a saman taga. Daga ranar duk gidan hayarsu na unguwar Arras ya samu intanet, har shagon tela na bakin titi.

Mero ta ce ya sa kod, lambar sirri, ya kulle shi.

"Wa ya taɓa kulle murhu don kada maƙwabci ya ɗebi wuta?" in ji shi.

"Wutar murhu ba ta raguwa in an ɗiba, Malam. Kuma ka dawo mini da matatata."

Bai sa kod ba, bai kuma mayar da matata ba. Shi dai saboda mahaifiyarsa Inna Tsahara ya jawo abin. Yanar ido ta rufe mata guda, ɗayan ma ya fara hazo. Autarta Adawiyya ta haihu a Marsey ta ƙasar Faransa, ranar Asabar za a yi suna, jaririyar kuma sunan Inna za ta ci. Burin tsohuwar ta ga fuskar takwararta tun idon yana aiki.

Ranar Asabar da hantsi Inna ta ci ado, ta zauna gaban kwamfuta. Kira ya shiga, Adawiyya ta ɗago jaririyar, sai hoton ya tsaya cak, ya farfashe. Aka sake kira, haka. Mijin Adawiyya ya ce liman na sauri, ba zai wuce rabin awa ba.

"Ni ce ba na gani, ko na'urar ce?" Inna ta tambaya a hankali.

Abdurrashid ya duba, ya ga mutum bakwai a kan rezon, sun yi masa nauyi. In ya danna wuri guda, duk za su faɗi. Amma shi ne ya ce musu su yi amfani da shi kamar nasu. Ya san Sa'ad na ɗaki na huɗu takardun neman aiki yake aikawa. Ka ba mutum abu, ka fizge ba sallama, mene ne sunan wannan? Ya janye hannunsa ya fita tsakar gida.

Alhaji Ya'u, dattijon gidan, ɗan Maraɗi mai sayar da atamfa, yana kan tabarma da shayinsa. Abdurrashid ya durƙusa ya yi masa bayani a gaggauce.

Alhaji ya ajiye kofi. "Suna ake yi a gidan nan?"

"A Faransa ne, Baba."

"Kakar tana Faransa?"

"Tana ɗaki."

"To ina goronmu? Kai ɗan boko, ka raba wa mutane iska wata biyu, ka kasa raba musu goro rana ɗaya? Wa zai zauna yana latse-latse alhali ana suna a ƙofarsa? Ba ka faɗa ba ne."

Alhaji ya ƙwala wa Mero kira. Akwai goro a ɗakin Inna, naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Mero ta zuba a faranti ta bi ɗakuna, Alhaji na biye da sandarsa yana sanarwa da Hausa, da Jula, da ɗan Faransancinsa na kasuwa.

Sa'ad ya fara fitowa, kwamfutarsa a rufe a hammata. "Takarduna sa jira yamma, Yaya. Da ka yi magana tun jiya."

Tela ya bar shago, zare a wuyansa. Ɗakin ya cika, takalma suka taru a bakin ƙofa. Abdurrashid ya duba, saura mutum ɗaya a kan rezon, shi kansa. Ya sake kira.

Hoton ya fito tas. Inna ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta karkata kai wajen idon mai gani. Ta daɗe a haka.

"Kunnen babanku ne," ta ce. "Adawiyya, juyo mini ita kaɗan."

Daga can liman ya ɗaga hannu, na nan ma suka ɗaga. Abdurrashid yana tsaye a jikin ƙofa don babu wurin zama. Ya shafa fatiha tare da su, sannan ya sunkuya wajen Alhaji, ya rasa ta inda zai fara godiya.

"Matsa," in ji Alhaji, "ka tare mini takwarar Inna."