Layin da Na Tsallake

Ni Raƙiya mai cuku, wadda duk kasuwar Tawa ta san bakinta, wai ni ce zaune bisa benci ina kokawa da kusu. Ba kusun rumbu ba, wani ɗan abu ne mai igiya da ake turawa bisa tebur, sai kibiya ta yi ta yawo a gilashin ordinater, wato kwamfuta. Ranar farko ɗaga shi na yi sama ina kaɗawa. Illa ɗan kabu-kabu, wanda ke zaune kusa da ni, ya yi dariya har ya kusa faɗowa. Na ce in ya sake, da igiyar zan shaƙe shi.

Mi ya kai ni? Ɗana na fari ya kai ni. Kada ku jira in faɗi sunansa, ba haka aka rene ni ba. Tun da aka yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi zuwa Barmou, can ya girma, ita yake ce wa Inna, ni kuwa Yaya. In ina son shi, "Kai" nake cewa, ya waiwayo. Ya yi karatun ordinater a Yamai, ya dawo ya kama ɗaki bayan kasuwa yana koya wa mutane. Da farko an cika, daga baya aka yi ta zarewa ɗaya ɗaya. Sai na ji a bakin ƙanwarsa wai wani abokinsa na kiransa Aljeriya, ya ce in ajin ya mutu zai bi hamada. Hamadar da ta cinye mini ƙane! Ran nan na kasa zama, na kasa tsayi, har cuku na ba wata mata na manta ban karɓi komi ba. Washegari na yafa gyale na je na cika masa benci.

Ya dube ni ya ce, "Yaya, lafiya?"

Na ce, "Karatu na zo. Ko an hana tsofaffi?"

Na yi lakwal, makarantar boko, har aji biyar, ina iya haɗa baƙi. Amma wannan abu, wayyo! Haruffan a warwatse suke kamar an zubar da gero, in nemi A in same ta can ƙurya. In danna sau ɗaya ta fito sau goma. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke, duk wahalata ta bi iska. A aji kowa na ce masa Mushe, wato Malam da Faransanci, ni ma na samu mafita, na riƙa cewa Mushe, shi kuma yana ce mini Madam. Ina jin kalmar nan har cikin haƙorina.

Da muka saba da danne-danne sai ya ce za mu fara ba na'ura umarni da yarenta, wani yare wai shi Piton, wato mesa. Na ce Allah ya raba mu da mesa. Ya rubuta layi biyu a allo. Na farko, ka ɗauki kalmar "suna" ka zuba mata sunan mutum tsakanin 'yan ƙugiyoyi biyu. Na biyu, ka ce wa na'ura ta gaida mai sunan. Ya ce kowa ya sa sunan wanda ke kusa da shi. Illa bai zo ba ranar, Debora ɗiyar malamin asibiti ta haɗu da wata yarinya, ni na rage ni kaɗai. Ya jawo kujera ya zauna gefena.

"Madam, sa nawa."

Na dubi allo, na dubi haruffa. Duk ga su nan, na san inda kowanne yake, amma yatsana ya ƙi. Sai na yi dabara, na tsallake layin farko, na rubuta na biyu tsaf, ko ɗigo ban bari ba. Na danna. Jan rubutu ya cika gilashi.

Na ce, "Mi kuma take so, 'yar banza?"

Ya ce, "Cewa take ba ta san wannan ba. Kin ce ta gaida suna, ba ki ba ta sunan ba."

"To ba ga ka zaune ba?"

"Ba ta gani, Madam. Abin da ba a faɗi sunansa ba, a wurinta babu shi." Idonsa bisa gilashi, ya ƙara da ƙaramar murya, "Ni dai na fahimce ta."

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Raina ya ɓaci, na miƙe na ce, "Rashin kunya aka koya maka a Yamai?" Na fice, takalmina ɗaya a hannu.

Ban koma ba kwana da kwanaki. Ina zaune a kasuwa ina faɗa da shi cikin zuciyata. Wa ya gaya wa yaron nan rashin so ne? Uwata ba ta taɓa kiran yayana ba har ta koma ga Allah, ita kuwa ta fi sonsa da mu duka. Ai abin da ka fi so shi kake ɓoyewa. Sai kuma wata zuciyar ta ce, to shi wa ya taɓa gaya masa haka? Ya tashi a Barmou yana jin ina kwaɗa wa ƙannensa kira, Hasan, Haula, shi kuwa Kai. In tashi in zauna, in share rumfar da na riga na share. Maƙwabciyata ta ce ko kunama ce a tabarmata.

Wata safiya na ce yau dai a yi ta ta ƙare. Na nufi ajin, na tarar da Debora ita kaɗai tana naɗe wayoyi. Na ce ta kunna mini guda. Na zauna, na rubuta layin farko, harafi bayan harafi, na rufe da 'yar ƙugiya. Na bi da na biyu, na danna. Babu ja ko kaɗan. Ga "Sannu", ga sunan ɗana a gabansa, fari tas. Daɗi ya kama ni har na tafa hannu.

Na ce, "Maza kira Mushe ya gani!"

Ta dube ni a tsorace. "Mama, ba ki sani ba? Ya bar mini makulli. Yana tashar motocin Agadas tun ɗazu, Aljeriya zai tafi."

Ban san sadda na fito titi ba. Allah ya jefo Illa, na haye bayan babur ɗinsa ina dukan kafaɗarsa, ina cewa ya taka, yana cewa gudun zai kashe mu, ina cewa ya kashe. Muka iso motar ta cika, ana ɗaure kaya. Na hango shi daga nesa, jaka a kafaɗa, ƙafa ɗaya a cikin mota. Mutane sun tare hanya, masu talla, masu rakiya, ba wurin kutsawa.

Na buɗe baki. Na ji kamar zanina ne zai faɗi tsakiyar tasha. Na rufe ido na kwarma.

"Attaher!"

Ya tsaya cak. Ya waiga hagu, ya waiga dama.

"Attaher!"

Idonsa ya bi ta kaina ya wuce. Ya dubi wata mai fura, ya dubi wani dattijo mai rawani, yana neman mai kiransa. Bai san sunansa da muryata ba. Karen mota ya tura shi ciki ya ja ƙofa, injin ya tashi.

Na ce, "Kai!"

Nan take ya juyo, ya gan ni ta taga. Ya ɗaga mini hannu, ya ce wani abu, na karanta a leɓensa, Yaya. Sannan ya sake leƙawa bayana, cikin taron. Har motar ta fita ƙofar tasha yana dube-dube, yana neman wanda ya kira shi.