Ɗigon Ruwan Tanki

Sati biyu aka kwashe ana shirin zuwan Farfesa. Shugaban makaranta ya sa aka yi wa tankin ruwa shuɗin fenti, yaran da ke tari ko gudawa kuwa aka ce su huta a gida ranar. Malamar kimiyya, wadda ɗalibai ke kira Malama Sabulu saboda yawan faɗan wanke hannu, ta zuba ido kawai. Takarda huɗu ta rubuta wa shugaba game da tankin nan: murfinsa ya fashe, ga masai taku goma a bayansa. A ajinta kaɗai yara tara suka kwanta a zangon da ya wuce, ɗaya ba ta tashi ba. Amsar shugaba kullum ita ce ana dubawa.

Farfesa ya iso da hantsi, wani gajeren dattijo mai fara'a. A zauren taro ya haska wa yara hotunan 'yan sama jannati suna shawagi a cikin kumbo, ya bayyana yadda ake killace su kafin tafiya don kada ko mura ta bi su. Da ya ce ruwan da suke sha daga guminsu da fitsarinsu ake tace shi, zauren ya ɓarke da dariya. Malamin lissafi ya raɗa wa Malama cewa shi kam ya fasa zuwa duniyar wata.

Sai baƙon ya fito da madubin ganin ƙwayoyin cuta, ya nemi a ɗebo masa ruwan kwata. Kafin shugaba ya juya neman masinja, Malama ta miƙe. Ba ta shirya ba, ƙafafunta ne suka kai ta tanki. Ta cika kwalba ta dawo.

Farfesa ya ɗiga ruwan a madubin, ya leƙa, ya ce lallai kwatar nan ta tara jama'a. Yara suka yi layi, kowa ya ga abubuwa suna wutsil-wutsil ya ja da baya yana yatsina fuska. Da aka gama ya tambaye ta wace kwata ce.

“Ba kwata ba ce, ranka ya daɗe. Tankin da suke sha ne.”

Shugaba ya ƙaƙaro dariya, ya ce ai wannan tankin na ban ruwan furanni ne. Kowa a wurin ya san ko tsinken fure babu a makarantar. Farfesa ya dubi shugaba, ya dubi agogo, ya koma zancen taurari.

Da aka tashi ya ja Malama gefe. Cikin ladabi ya ce abin da ido ya gani bai zama hujja ba sai an gwada, ta bar masa kwalbar, zai kai ɗakin gwaji da kansa. Har ƙwalla ta cika mata ido don godiya. Bayan motarsa ta fita ta koma zaure, ta tarar da kwalbar a kan tebur, kusa da kofin shayinsa.

Washegari shugaba ya kira ta ofis, bai ko ce ta zauna ba.

“Malama, kin kwance mana zani a kasuwa. Me muka tsare miki?”

Ta ce yarinya ta mutu. Ya ce kwananta ne ya ƙare.

Aka garƙame famfon tanki da kwaɗo, yara suka koma tarar ruwan da ke yoyo ta ƙasansa da tafin hannu. Bayan wata guda takardar canji ta zo, an tura ta wata makaranta can ƙarshen gari, mota biyu daga gidanta. Malaman da suka yi ta ce mata a ɓoye ta yi daidai, ranar da ta kwashe littattafanta duk suna da aji. Ita kaɗai ta ɗauki kwalinta zuwa bakin titi.