Sirrin Malam Giɗaɗo a Kan Goron Dutse

Malam Giɗaɗo mai gyaran agogo ne a bakin kasuwar Mandawari, kuma duk Gwale an san shi da sanyin murya. In yana magana sai ka matso ka karkata kai. Kunyar Fulani ce ya gada ya kuma ƙara da tasa. Shekara talatin da ɗaya da aurensa da Asibi bai taɓa kiran sunanta ba. Gyaran murya yake yi, ita kuma ta fito ko daga ina take.

A shekarar da soja ke shirin miƙa mulki ga farar hula, wani ƙullutu ya fito wa Asibi a wuya. Aka yi na gida bai ji ba, aka je asibiti suka ce ciwon daji ne ya taso daga bayan hanci, suka tura su Zariya. Wata huɗu suka yi ana gasa wurin da na'ura, ana ɗura mata magani ta jijiya. Tun farko likitan ya faɗa musu maganin kan taɓa kunne. Malam ya ce in dai rai zai tsira, ba komai.

Ƙullutun ya tafi, ya tafi da kunnen hagu gaba ɗaya. Na dama ya rage kaɗan, shi ma da wani kuka a ciki kamar na gyare. Bakinta kuma ya riƙa bushewa, ba ta rabuwa da gorar ruwa.

Ranar da suka kwana biyu da dawowa, Malam ya tsaya a tsakar gida ya yi gyaran murya har sau bakwai. Asibi na zaune tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Maƙwabciyarsu Hajiya Hajo, wadda katanga ɗaya ta raba su, ita ce ta leƙo ta tambaya ko a kawo masa citta da zuma.

Daga nan dole ta sa Malam ya koyi ɗaga murya. Cikin wata guda babu abin da gidan Hajo ba su sani ba: cewa Malam ba ya son kuka a miya, cewa basir na damunsa, cewa 'yarsu Muhsina da ke aure a Ƙofar Na'isa tana da ciki wata uku. Ya so ya riƙa rubuta mata a takarda, amma Asibi ba ta yi karatun da zai kai ta nan ba.

Sai zaɓen kansiloli ya matso, Jibrin ɗan Hajiya Hajo ya fito takara. Hajo ta shigo ta daɗe tana yi wa Asibi bayani, Asibi na gyaɗa kai don kada a ce ba ta ji ba. Ashe abin da ta amsa shi ne ita da Malam za su zauna a sahun gaba ranar taron Jibrin, Malam kuma ya buɗe taro da addu'a.

Malam bai da niyyar zaɓen Jibrin. Ba gaba yake yi da shi ba. Kwatar da ta bi ta ƙofar gidajensu biyu ce ta shekara uku a toshe daga ɓangaren su Jibrin, kuma a ganinsa wanda bai iya yashe kwatar ƙofar gidansu ba, bai kamata a ba shi unguwa ba. Yana so ya gaya wa matarsa ta janye alkawarin cikin dabara, amma ta yaya, ga katanga?

Ya kwana biyu yana tunani, sannan ya tuna likita ya ce ta riƙa ɗan tattaki. Bayan la'asar ya nuna mata mayafinta da takalmi, suka hau tasi zuwa gindin Goron Dutse. Ba su kai ko rabi ba numfashinta ya gaza, suka zauna a kan wani falalen dutse. Ya duba gabas ya duba yamma, ba kowa sai awaki. Ya koma ta damanta, ya ce ba zai zaɓi Jibrin ba.

"Zabin Jibrin?" in ji ta. "Yaushe ya fara kiwon zabi?"

Ya ƙara murya. Ta ce in dai zabi ne a saya mata biyu, an ce romonsu na ƙara jini. Malam ya miƙe tsaye, ya cire hula ya riƙe, ya tattaro duk muryar da ya shekara sittin yana tattali.

"Na ce ba zan jefa wa Jibrin ƙuri'a ba. Yaron da ya kasa yashe kwatar gidansu."

Wannan karon ta ji. Ta kurɓi ruwa, ta ce ai da ma ita ma tana ganin haka. Sai ta ce masa abin da ya fi damunta ba rashin jin rediyo ba ne ko hirar biki. Da can ko tana daka tana gane gyaran muryarsa na neman ruwa da na neman abinci da na ɓacin rai, yanzu sai dai ta ga maƙogwaronsa na motsi. Duk abin da ya zo wa Malam a baki ba irin wanda ake faɗa da ƙarfi ba ne. Ya karɓi gorar ya riƙe mata.

Da suka sauko suka zagayo dutsen da suka zauna a kai, sai ga matasa kusan goma a inuwarsa da bokitin kokon liƙi da damin hotunan takara, sun zauna hutawa. Jibrin na tsakiyarsu. Ya tashi ya durƙusa ya ce, "Baba, barka da yamma." Malam ya amsa da muryarsa ta da, wadda ba mai ji, ya wuce yana kallon ƙasa. Asibi kuwa ta tsaya ta sa wa yaron albarka, ta ce Allah ya ba da sa'a.

Washegari da hantsi Jibrin ya fito da shebur da baro, shi da mutanensa, suka yashe kwatar tun daga kan kwana har bakin titi. Hajo ta yi mako guda ba ta shigo ba. Da ta shigo, ba ta ta da maganar ba, sai dai ta ce an samu wani limami zai yi addu'ar. Jibrin ya faɗi zaɓen da ƙuri'a kaɗan. Wanda Malam ya zaɓa, bai gaya wa kowa ba.

Bayan wata shida suka koma Zariya a duba ta. Likitan ya latsa wuyanta, ya haska hancinta, ya karanta takardun, ya faɗa wa Malam sakamakon a hankali. Da suka fito baranda, inda mutane ke jere a kan benci, Asibi ta riƙe hannun rigarsa ta ce me ya ce. Malam ya dubi mutanen, ya dubi fuskarta.

"Ya ce ciwon bai dawo ba, Asibi. Babu komai a wuyan."

Duk bencin suka amsa da alhamdu lillahi, wata tsohuwa har da guɗa kafin ma'aikaciyar jinya ta hana ta.

A motar dawowa aka ba su kujerar da ke ƙarƙashin lasifika, direban kuma ya ƙure kaset ɗin kalangu. Malam ya yi ta neman a rage, ba wanda ya ji shi. Asibi ta jingina da taga, ta yi barcinta tun daga Kwangila ta Zariya har Kano.